Kafin a sa hannu kan tashar nukiliya, a waiwayi tsibin da ke Arlit

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba mu fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu kan makamashin nukiliya, tun da maganar ta sake tasowa. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe fiye da 20 suka ɗauki alkawarin ninka wutar nukiliya ta duniya sau uku nan da 2050. Ghana na cikin na farko, Najeriya ta bi sahu a taron Baku a 2024, Nijar kuma ta rattaba hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom na Rasha a 2025. Masu goyon baya suna cewa wuta ce marar hayaƙi, maganin ɗumamar duniya. A kan hayaƙi sun yi gaskiya. Sai dai lissafin nasu daga ƙofar tasha yake farawa, a nan kuma yake tsayawa, alhali dauɗar wannan wuta tana wurin da ake haƙo yuraniyom da wurin da ake ajiye shi bayan ya gama aiki. Ɗaya daga cikin wuraren nan yana jihar Agadas.

Bari mu fara ba nukiliya haƙƙinta. Tashar nukiliya ba ta ƙona komai. A cikin tukunyar, wato injin da ke zuciyar tashar, ƙwayoyin zarra na yuraniyom-235 ne ke tsagewa, zafin tsagewar ya tafasa ruwa, tururi ya juya farfelar inji, janareta ya ba da wuta. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya fitar da ƙiyasi a 2014 wanda ya haɗa komai, tun daga haƙar ma'adini da ginin tasha har zuwa rushe ta. Kowane kilowat-awa ɗaya, wato yunit ɗaya a mitar gida, in na kwal ne yana sakin kimanin giram 820 na iskar kabon, na gas 490, na manyan filayen sola 48, na nukiliya 12, kusan daidai da na injinan iska. Tashar megawat 1,000 da ta yi aiki kashi 90 cikin 100 na shekara tana fitar da yunit kusan biliyan 8. Da kwal, tan miliyan 6 da rabi ke nan na kabon a shekara. Da nukiliya bai kai tan dubu 100 ba. Shi ya sa wutar Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku daga nukiliya take, ta fi ta Jamus tsabta nesa ba kusa ba. Ita Jamus ta kashe tukwanenta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, ga shi ba ta daina ƙona kwal ba. Duk mai cewa nukiliya na dumama duniya kamar kwal bai duba alƙaluma ba.

Giram 12 ɗin nan daga siminti da ƙarfen gini suke, da dizal na manyan motocin ma'adini, da wutar da ake inganta yuraniyom da ita. A yuraniyom da aka haƙo, mai amfanin, wato 235, kashi 0.7 ne kacal cikin 100, tukwane kuwa suna bukatar kashi 3 zuwa 5. Tsohuwar hanyar ingantawa cin wuta gare ta ba kama hannun yaro: masana'antar Faransa da ke Tricastin, kafin a rufe ta a 2012, tana iya shanye wutar tukwane uku cikin huɗu da ke kusa da ita. Injinan wulwulawa da suka maye gurbinta suna cin kusan kashi ɗaya cikin 50 na waccan. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wutar da ta yi shekaru tana juya injinan ma'adinan Arlit daga kwal take. Tashar SONICHAR ta Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda ta fara aiki a 1981 kuma ƙarfinta bai kai megawat 40 ba, musamman domin ma'adinan aka gina ta. Wannan bai sauya lissafin duniya ba, amma hayaƙin a Agadas ya tashi, wutar marar hayaƙi kuma a wani waje aka kunna ta.

Ga yadda aikin ma'adinin yake. SOMAIR, ma'aikatar haƙa ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar, ta fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka. Takwararta COMINAK ta fara a Akokan kusa da Arlit a 1978, tana haƙa a ƙarƙashin ƙasa zurfin mita 250, har aka rufe ta a Maris na 2021 bayan ta fitar da kimanin tan dubu 75. A tan ɗaya na dutsen yankin, yuraniyom bai wuce kilo 2 zuwa 4 ba. Ana fasa dutsen, a niƙe shi, a jiƙa da asid irin na ruwan batir, yuraniyom ya narke a ciki, a tsamo shi, a busar, ya zama gari mai ruwan ɗorawa. Shekara da shekaru garin nan a durom ake zuba shi, manyan motoci su ɗauka zuwa Benin, daga tashar ruwan Kwatano jirgi ya kai Faransa. Sauran fiye da kashi 99 cikin 100 na dutsen, wanda yanzu ya zama laka mai asid, a nan ake barin sa.

Masu tallar nukiliya suna son su ce babbar tukunya sharar da take fitarwa a shekara tan 25 zuwa 30 ce kawai. Haka ne, in sandunan yuraniyom da suka gama aiki a cikin tukunya ake nufi. Amma kafin a samu waɗannan sanduna sai an haƙo kimanin tan 200 na yuraniyom, kuma da dutse irin na Arlit wannan yana nufin tan dubu 50 zuwa dubu 100 na niƙaƙƙiyar shara duk shekara, domin tukunya ɗaya. A Akokan kaɗai, tsibin da COMINAK ta bari ya kai kimanin tan miliyan 20.

Mutum zai ɗauka tun da an cire yuraniyom, abin da ya rage ƙasa ce kawai. Ina! Kusan kashi 85 cikin 100 na radiyeshin da ke cikin dutsen yana nan a sharar, domin asid ɗin yuraniyom ya ɗauke, ya bar 'ya'yansa, wato sinadaran da yake rikiɗa zuwa gare su. Akwai toriyom-230, wanda sai ya shekara dubu 75 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, da radiyom-226 mai shekara 1,600, shi kuma radiyom kullum yana haifar da radon, iska ce marar launi marar wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa radon cikin manyan musabbaban kansar huhu, baya ga taba. A cikin dutse mai tauri can ƙasa, yawancin radon yana mutuwa kafin ya fito, domin cikin kwana 3.8 yake raguwa da rabi. Da an niƙe dutsen an tsibe shi a fili, an buɗe masa ƙofa.

Ta hanya uku abin ke ɓaci. Iskar sahara tana kwasar ƙura daga saman tsibin ta kai gari. Ruwa mai asid yana tsiyaya ƙasa ya tarar da ruwan rijiyoyi, a yankin da ruwan ƙarƙashin ƙasa, irin na shimfiɗar Tarat, ya taru ne tun dubban shekaru, kuma ruwan saman yau ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Ta uku ita ce hannun mutane: duwatsun da aka zubar sun shiga cikon tituna, tsofaffin bututu da ƙarafan masana'anta sun shiga kasuwa. Ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, tare da ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, ya fara auna wuraren a 2003 ya kuma samu ƙarafa masu radiyeshin ana sayarwa. Rahoton ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace na 2010 ya ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar da aka ɗiba sun wuce ma'aunin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a wani titi na Akokan radiyeshin ya ninka wanda aka saba samu a yankin har kusan sau 500. Kamfanin Areva na Faransa, mai gudanar da ma'adinan a lokacin, ya ce yana aiki bisa doka, amma daga baya an bi titunan da na'urar awo ana kwashe gurɓataccen ciko. Yuraniyom a ruwan sha, tun kafin a zo maganar radiyeshin, ƙarfe ne mai nauyi da ke taɓa ƙoda. Ma'aunin da hukumar ke bi a yau mikirogiram 30 ne a lita.

Gyaran sananne ne, sai dai yana son haƙuri da kuɗi. Sabon tsibi ana shimfiɗa masa yumɓu da leda mai kauri a ƙasa tun kafin a fara zubawa. Tsohon tsibi kuma ana kwantar da gefensa don kada ya zaizaye, sannan a rufe shi. Tsarin da aka yi wa na Akokan shi ne rufin mita 2 na yumɓu da dutse. Hikimar yumɓun ita ce jinkirta radon: in aka riƙe shi mako huɗu kafin ya ɓullo, abin da zai fito bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Amma yumɓu in ya bushe tsagewa yake, zafin Arlit kuwa ba sai an faɗa ba, kuma ruwan sama ɗaya mai ƙarfi yana iya yanka kwazazzabo a jikin tsibin. Domin haka ake ɗora dutse a sama, a haƙa rijiyoyin gwaji kewaye da wurin, a riƙa ɗibar ruwa ana aunawa, a kuma kafa na'urorin radon a unguwanni. Ƙa'idar duniya ita ce kada ƙarin radiyeshin da mazaunin gari ke samu daga irin wannan aiki ya wuce milisibat 1 a shekara (milisibat ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha ne), ma'aikaci kuma 20. Wannan sa ido ba na shekara biyar ko goma ba ne, tun da abin da ke ƙarƙashin rufin zai fi kowace gwamnati daɗewa. Yanzu da Nijar ta karɓe lasisin ma'adinin Imuraren daga kamfanin Faransa a 2024, ta kuma mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a 2025, ana ta taƙaddama kan wa ke da garin nan mai ruwan ɗorawa. Muna so a ji irin wannan ɗaga murya kan wa ke da tsibin. Duk wanda zai ci gaba da haƙa, Bafaranshe ne ko Barashe ko ɗan ƙasa, a wajabta masa ware kuɗin rufewa daga kowane tan da ya sayar, a asusun da ba ya iya taɓawa, a kuma liƙa sakamakon awon ruwa da iska inda mutanen gari za su gani.

Sai maganar gina tasha a gida. Abu na farko ruwa. Daga zafin da tukunya ke samarwa, kashi ɗaya cikin uku ne ke zama wuta, biyun dole a zubar. Tashar megawat 1,000 tana zubar da zafi na megawat 2,000 dare da rana. In kogi ko teku za ta yi sanyaya da shi kai tsaye, tana jan kubik mita 40 zuwa 50 a kowace daƙiƙa ta mayar da shi da ɗumi, kifi ƙanana da ƙwansu suna maƙalewa a ragar shiga. In hasumiyar sanyaya aka gina, kimanin lita 2 da rabi ke tashi sama a kowane yunit, wato kusan kubik mita miliyan 20 a shekara. A zafin 2003 da na 2022 Faransa ta rage ƙarfin wasu tashoshi a kogunan Rhône da Garonne saboda ruwan ya yi ɗumi. Ke nan ɗumamar da ake son nukiliya ta magance tana iya taɓa ita kanta tashar. Ba wai ba mafita ba ce: Palo Verde da ke hamadar Arizona a Amurka da tataccen ruwan bahaya na birnin Phoenix take sanyaya, Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma da ruwan teku. Amma wanda ya ce zai kafa tukunya a bakin kogin Kwara, ko a Geregu ta Kogi da aka daɗe ana ambata ko a wajen Yamai, sai ya nuna lissafin ruwan kogin na watan Mayu a shekarar fari, ba na Satumba ba.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a ganinmu, babban layin wuta na ƙasa. Tukunyar nukiliya ba a kashe ta tashi ɗaya. Kamar murhu take: ko an janye itace, garwashi na nan. Da an tura sandunan tsayarwa tsagewar ta tsaya, amma ɓurɓushin da ya taru a cikin sandunan yuraniyom yana ci gaba da ba da zafi, kashi 6 zuwa 7 cikin 100 nan take, kusan kashi 1 da rabi bayan awa ɗaya, kusan rabin kashi ɗaya bayan kwana guda. A babbar tukunya, megawat 200 ke nan da farko, sannan kimanin 15 washegari. Dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa, famfo kuma wuta yake so. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris 2011 ke nan. Tukwanen sun tsaya daidai da girgizar ƙasa, amma layin wutar waje ya yanke, igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 14 ta shanye janaretocin dizal, batura suka mutu. Ruwa ya ƙafe daga kan sanduna, kwanson ƙarfen zirkoniyom da ke lulluɓe da su ya wuce digiri 1,200 ya fara cin tururi yana fitar da iskar haidurojin, gine-gine suka fashe, cikin tukwane uku ya narke. Mutane fiye da dubu 150 suka bar gidajensu. Na Cernobil a 1986 daban ne, tukunya ce mai aibin ƙira kuma ba ta da ƙaƙƙarfan ginin rufi, ba a kuma gina irinta yanzu. Darasin da ya rage daga gare ta shi ne ayodin-131 mai radiyeshin ta ciyawa ya bi ya shiga madara, ya taru a maƙogwaron yara. Ƙasar makiyaya ta riƙe wannan.

To a dubi namu layin. Najeriya na da injinan da a takarda suka kai megawat dubu 13, abin da ke kaiwa ga layi kuwa yakan tsaya tsakanin dubu 4 da dubu 5. Layin ya durƙushe kusan sau goma sha biyu a 2024, kuma a Oktoban shekarar yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala. Ƙa'idar da hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, ke ba da shawara ita ce kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layi. Tukunyar megawat 1,200 irin wadda Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa za ta zama kusan rubu'in wutar Najeriya. Duk ranar da ta tsaya ba zato, ƙasa ce za ta yi duhu. Duk ranar da layin ya faɗi, tukunyar ce za ta koma dogaro da dizal. Ga shi kuma duk shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai an kashe ta na makonni a canza kashi ɗaya cikin uku na sanduna, sai an tanadi abin da zai riƙe ƙasa a lokacin. Nijar, wadda kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take saye, nata layin ya fi haka ƙanƙanta nesa. Ƙananan tukwane da ake ta talla za su fi dacewa, amma har yau kaɗan ne ke aiki, a Rasha da Sin, kuma aikin kamfanin NuScale na farko a Amurka an soke shi a 2023 saboda tsada.

Sharar sanduna ba za mu daɗe a kanta ba. Ana tsoma su a tafkin sanyaya aƙalla shekara biyar, sannan a zuba a manyan tankunan ƙarfe da kankare. Wannan ya yi aiki lafiya shekaru da dama, amma ajiya ce ta wucin gadi, domin fulutoniyom-239 sai ya shekara dubu 24 kafin ya ragu da rabi. Finlan ce ta fi kowa nisa da rumbunta na Onkalo, zurfin mita 400 da ɗoriya cikin dutse, sanduna cikin kwanson tagulla kewaye da yumɓu. Ƙasar da za ta sayi tukunya ta tabbata an rubuta a kwangila wa zai karɓi sandunan, yaushe, kuma da kuɗin wa.

Lokaci da kuɗi su ne ke yanke hukunci kan amfanin nukiliya ga yanayi. Barakah an fara ta a 2012, tukunya ta huɗu ta shiga aiki a 2024, yanzu tana ba Daular kusan rubu'in wutarta. Wannan shi ne misali mai kyau. A gefe guda Flamanville 3 ta Faransa an fara a 2007, sai Disambar 2024 ta hau layi, kuɗinta ya tashi daga Yuro biliyan 3.3 zuwa fiye da 13. Vogtle ta Amurka ta makara shekara bakwai, ta ci fiye da dala biliyan 30. El Dabaa da bashin Rasha na dala biliyan 25 ake gina ta. Ga ƙasashen da ke ƙona kwal mai yawa kuma suna da tukwane a tsaye, kashe su asara ce ga duniya baki ɗaya. Mu kuwa, Afirka dukanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya, kuma babban hayaƙin da talakanmu ke shaƙa na janareta ne da itacen girki. Filin sola na Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, cikin ɗan lokaci aka gama shi. Gaskiya ne sola ba ta ba da wuta da dare, kuma a shekara abin da take bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta ba, sai an haɗa ta da batura da madatsun ruwa irin Zungeru da kuma gas. Amma layukan da za a gyara domin ɗaukar wannan wuta su ne dai waɗanda tukunya za ta bukata in lokacinta ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba daga fanko za a fara ba. Ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai kilowat 30, tana aiki tun 2004, kuma a 2018 aka canza mata sanduna zuwa marasa ƙarfin haɗa makami, aka mayar da tsofaffin Sin. Akwai hukumar sa ido kan nukiliya ta Najeriya, NNRA. Gwajin farko da ya kamata hukumomin ƙasashen biyu su ci, tun kafin maganar megawat, shi ne sanin inda kowane ƙullin radiyeshin yake, na asibitoci, na kamfanonin mai da na masu gwajin walda. A Goiânia ta Brazil a 1987, masu tsintar ƙarfe suka ɓalle wata na'urar ƙona kansa da aka yasar a tsohon asibiti, suka sayar wa ɗan gwangwan. Garin siziyom-137 da ke ciki yana ƙyalli shuɗi cikin duhu, aka riƙa raba wa 'yan uwa. Mutum huɗu suka rasu, kusan 250 suka gurɓata, sai da aka auna fiye da mutum dubu 100. Da yawan 'yan jari-bola da ke garuruwanmu, da ƙarafan da ke ratsa iyaka daga yankin ma'adinai zuwa kasuwannin Arewa, muna kira da a kafa na'urar gano radiyeshin a ƙofar kowace masana'antar narka ƙarfe da manyan mashigan iyaka, a ba shugabannin 'yan gwangwan ƙananan na'urorin hannu, a kuma koya musu alamar nan mai fuka-fukai uku a kan rawaya da lambar da za su kira in sun gan ta.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin lantarki da masu nazarin muhalli.